Amsa: Farin cikon haƙori da ke faɗuwa bayan 'yan watanni

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ce an yi miki farin ciko a haƙorin turmi, bai kai wata shida ba ya faɗo, kina tambaya ko dama farin ba shi da ƙarko kamar baƙin cikon ƙarfen nan na da.

Ki fara tambayar likitan wane iri aka sa miki, domin farin cikon da aka fi amfani da shi kala biyu ne. Akwai kwamfozit, akwai kuma gilas ayonoma da likitoci ke kira GIC.

Kwamfozit roba ce da aka cakuɗa da garin gilashi mai laushi. Shi ne ya fi kama da haƙori, kuma yana jure tauna. Amma ba ya kama haƙori da kansa. Bayan an kwashe ruɓar, ana shafa wani sinadari mai tsami, fosforik asid mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37 cikin ɗari, na daƙiƙa 15 zuwa 30, a wanke. Sai a shafa ruwan gam, a hura iska kaɗan, a haska shuɗiyar fitila. Daga nan ake zuba cikon kaɗan-kaɗan, kaurin kowane zubi kada ya wuce milimita 2, ana haska kowanne kimanin daƙiƙa 20.

Akasarin ɓarnar a nan take faruwa. Idan yawu ko jinin dasashi ya taɓa wurin bayan an shafa tsamin, gam ɗin ba zai kama ba, ko da kuwa cikon ya yi kyau a ido ranar. Shi ya sa ake kewaye haƙorin da shimfiɗar roba, ko aƙalla a tare yawun da auduga da bututun zuƙa. Idan kuma aka cusa cikon dunƙule guda saboda gaggawa, hasken ba ya kaiwa ƙasa, sai sama ya daskare ƙasa na nan ɗanye. Ga shi yana ɗan tsukewa lokacin daskarewa, kusan kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, ya janye daga bangon ramin. Ta wannan 'yar kafar ruwan sanyi ke shiga ki ji zogi, ta nan kuma sabuwar ruɓa ke farawa. Fitilar ma, idan ta yi rauni ko aka riƙe ta nesa da haƙorin, sakamakon ɗaya ne.

Wani abin da ya kamata a kiyaye shi ne kanumfari. Mansa yana hana kwamfozit daskarewa yadda ya kamata. Idan kina cusa shi a ramin don rage ciwo, ko an taɓa yi miki cikon wucin-gadi mai ƙamshinsa, ki faɗa wa likita kafin ya fara.

Shi GIC gari ne da ruwa ake kwaɓawa. Yana kama haƙori da kansa, ɗan damshi ba ya hana shi kamawa, kuma yana sakin fulorayid da ke taimakawa wajen hana ruɓa dawowa. Ana iya sa shi da kayan hannu ko babu wutar lantarki, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna. Ya dace da haƙoran yara, da ramin da ke gindin haƙori kusa da dasashi, da bakin mai yawan ruɓa. Rauninsa shi ne ba ya jure tauna mai ƙarfi. A babban rami a kan turmi sai ya zaizaye ko ya tsage, musamman idan ba a shafe samansa da man kariya ba, ko aka ci abinci kafin awa guda. A ganina, idan GIC aka sa miki a irin wannan wurin, faɗuwarsa ba abin mamaki ba ce.

Idan fiye da rabin haƙorin ya tafi, ko an kashe jijiyarsa, sau da yawa ciko kowane iri ba ya daɗewa, hular haƙori ake bukata, wato murfin da ake rufe haƙorin gaba ɗaya da shi.

Da kin koma, a duba ko akwai sauran ruɓa, in da hali a ɗauki hoton haƙorin. A zaɓi launi tun haƙorin yana jiƙe, domin busasshe yakan yi fari fiye da asalinsa. Bayan an gama za a ba ki wata 'yar takarda mai launi ki ciza. Idan kin ji cikon ne ke fara taɓa na sama, ki ce a rage tudun nan take, don shi ke jawo ciwo wajen tauna da tsagewa. Goro da shayi suna rina gefen kwamfozit, amma sau da yawa gogewa a asibiti ta isa, ba sai an cire ba. Ƙashi, ƙanƙara da buɗe kwalba da haƙori kuwa, a bar su gaba ɗaya.