Daga Ina Holan Ta Samo Arzikinta?

Tambaya: Malam, na duba taswira na ga Holan 'yar mitsitsiya ce. Ta yaya ta riƙe ragamar kasuwancin teku a ƙarni na 17? (Wani ɗalibi daga Funtuwa)

Amsa: Ɗana, yawancin mutane kayan ƙamshi suke fara ambata. Ni kuwa da hatsi da kifi nake farawa. Jiragen Holan ne ke dakon hatsi da katako daga tekun Baltik zuwa sauran Turai, suna kuma sayar da kifin gishiri. Sun ƙera wani jirgi mai faɗin ciki da ake kira fluyt, ma'aikata kaɗan sun ishe shi, shi ya sa kuɗin dakonsu ya fi na kowa sauƙi. Da Sifaniya ta kama Antwerp, babban birnin kasuwanci da ke Beljiyam ta yau, a 1585, attajirai da masu sana'a da yawa suka tattara jarinsu suka koma birnin Amsterdam na Holan.

A 1602 aka kafa kamfanin VOC na cinikin gabas, wanda har 'yar aikin gida ta sayi hannun jari a cikinsa. Kanumfari da kirfa da gyaɗar ƙamshi suka riƙa kwararowa. Amma akwai jini a wannan riba, kuma ba zan ɓoye maka ba. A 1621 Jan Pieterszoon Coen, gwamnan kamfanin a gabas, ya hallaka mafi yawan mutanen tsibiran Banda da ke Indonesiya ta yau saboda gyaɗar ƙamshi. A 1637 kuma Holan ta ƙwace sansanin Elmina daga hannun Fotugal, ta ci gaba da lodin bayi daga can. Masu karatunmu na Gana sun san ginin, yana nan tsaye a bakin teku.

Ba 'yan kasuwar teku kaɗai Holan ta haifa ba. Wanda ya fi burge ni a wancan zamani mai sayar da yadi ne a garin Delft, Antonie van Leeuwenhoek, ɗan garinsu mai zane Vermeer, shekarar haihuwarsu ma ɗaya, 1632. Bai taɓa shiga jami'a ba. Da hannunsa yake gyara gilashin ƙara girman abu, ƙanƙani kamar ƙwayar gero, ya maƙala shi tsakanin ƙarafa biyu, ya kusanto da shi dab da idonsa. A ɗigon ruwa ya ga ƙananan halittu suna iyo. A 1683 ya kankaro dattin haƙoransa ya duba, ya iske su suna motsi a ciki, ya zana su, ya aika wa ƙungiyar masana ta Landan a wasiƙar da ya rubuta da harshensa na gida.