Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Faso, Haɓo da Sauran Fitintinun Hunturu

Tun daga ƙarshen watan Nuwamba, lokacin da iskar arewa maso gabas ta fara kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, saƙonnin da ke zuwa wannan fili suka sauya salo. Yawancinsu ƙorafe-ƙorafe ne a kan ƙananan abubuwan da ke hana mutum sakewa a daidai lokacin da makarantu suka ba da hutu, aka shiga hidimar bukukuwan aure da tafiye-tafiyen ƙarshen shekara. Kusan kowa yana ɗora wa sanyi laifi, alhali kuwa bushewar iska ce ke yin mafi yawan ɓarnar. Laimar da ke cikin iska a Kano takan haura kashi 60 cikin 100 a tsakiyar damina, amma da tsakar rana a hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20. Iska irin wannan tana zuƙe danshi daga duk abin da ta taɓa, har da fata da hanci da ido.

Tambaya daga wata uwargida a Katsina: Likita, duk shekara da hunturu ya kama sai dunduniyata ta tsattsage har ta yi jini, idan na kwanta ma kama zanin gado take yi. Ga bikin ƙanwata saura mako biyu, ina kunyar miƙa wa mai lalle ƙafata. Maƙwabciyata ta ce in yanke kaushin da reza in ɗiga gam mai ƙarfi a cikin tsagar. Ko in gwada?

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri a bikin, amma ki ajiye rezar nan. Fatar tafin ƙafa ta fi ta ko'ina kauri a jiki, kuma ba ta fitar da maiƙo da kanta kamar fatar fuska ko ta baya. Duk takun da kika yi, nauyin jiki yana danne dunduniya ta baje, idan kuwa fatar ta bushe ba za ta iya miƙewa ba, sai dai ta tsage. Silifas mai buɗaɗɗen baya yana ƙara ta'azzara lamarin, haka ma barin ruwa ya bushe da kansa a ƙafa bayan alwala ko wanke-wanke, domin idan ya tashi tafiya yakan tafi da ɗan danshin da ya rage a fatar.

Mako biyu sun isa ki ga canji idan kika jure. Kowane dare bayan sallar isha'i ki jiƙa ƙafar a ruwa mai ɗumi na minti 10 zuwa 15, ki goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, ki tsane ta da tawul, sannan tun tana da sauran laima ki shafa man kaɗe ko basilin da kauri, ki sa safa ki kwanta. Da rana kuma ki riƙa ɗan shafawa bayan kowace alwala. Idan kaushin ya yi kauri sosai, akwai man shafawa mai sinadarin yuriya kashi 10 zuwa 25 a manyan shagunan magani, yana tausasa matacciyar fata fiye da mai zalla. Matsalar reza ita ce hannu ba ya sanin inda matacciyar fata ta ƙare, sai a yanki mai rai a buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Gam ɗin da ake liƙa takalmi da shi kuwa rufe datti yake yi a cikin rauni. Ki kuma gaya wa mai lallen kada ta bari baƙin lalle da ake haɗawa da dayis ya shiga inda ya tsage, saboda sinadarin da ke cikinsa yakan ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje masu ruwa.

Idan kina da ciwon suga, maganar ta sauya gaba ɗaya. Mai suga yakan rasa jin zafi a ƙafa, ƙaramin faso ya zama gyambo bai ankara ba, don haka ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya duba ƙafar kafin a yi mata komai a gida.

Tambaya daga wani magidanci a Zariya: Yarona ɗan shekara 7 ya yi haɓo sau uku a mako guda, yawanci da asuba. Kakarsa takan ɗaga kansa sama ta zuba masa ruwan sanyi a ka. Shin alamar wata cuta ce a jininsa?

Amsa: Malam, a wannan lokaci na shekara da wuya ya zama haka. A gaba-gaban bangon da ya raba kafofin hanci akwai tarin ƙananan jijiyoyin jini da ke dab da saman fata. Iskar hunturu tana busar da wurin ya yi ɓawo, yaro ya sa yatsa ko ya fyace da ƙarfi, sai jini ya ɓalle. Ɗaga kai sama ba ya tsayar da jinin, juya shi kawai yake yi ya gangara maƙogwaro, yaron ya haɗiye ya yi amai, ku kuma ku zaci ya tsaya. A zaunar da shi ya ɗan sunkuya gaba, a matse tattausan ɓangaren hancin da yatsa biyu na minti 10 cur ba tare da sakewa don leƙawa ba, yana numfashi ta baki. A roƙi Hajiya kaka cikin ladabi ta ɗora masa tsumma mai sanyi a karan hanci idan tana so, wannan ba ya cutarwa. Don hana dawowarsa, a shafa ɗan basilin kaɗan a bakin kafar hancin kafin barci, a yanke masa farce. A kai shi asibiti idan jinin ya wuce minti 20 bai tsaya ba duk da matsewa, ko idan dasashinsa ma yana jini, ko tabon taruwar jini yana fito masa a jiki ba tare da ya bugu ba, ko ya yi fari fat.

Tambaya daga wani direban motar haya da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Gusau: Likita, kwana biyar ke nan ina fama da mura da ƙaiƙayin maƙogwaro, kuma yanzu ne lokacin samun fasinja, ba halin kwanciya. Mai kemis ya haɗa mini kafso da maganin zazzaɓin cizon sauro da na tari, amma shiru.

Amsa: Shirun da ka ji bai ba ni mamaki ba, Malam. Ƙwayoyin bairos ne ke kawo mura, kafson antibayotik kuwa bakteriya yake kashewa, saboda haka kuɗinka ne ya tafi, ka kuma koya wa ƙwayoyin da ke jikinka jure wa maganin da wata rana za ka buƙace shi da gaske. Maganin maleriya ba a shansa sai gwaji ya nuna akwai ta. Mura takan yi kwana 7 zuwa 10 ta wuce da kanta, tarin da ta bari yakan ɗan jima fiye da haka. Abin da ya fi damuna game da sana'arka shi ne yawancin haɗin maganin mura da na tari suna sa gyangyaɗi, wanda ke riƙe da sitiyari da rayukan mutane a bayansa bai kamata ya sha su da rana ba. Masu ɗauke da kodin kuwa gwamnatin tarayya ta hana sarrafa su da shigo da su tun 2018, ko an miƙo maka ta bayan kanta kada ka karɓa.

Ka yawaita shan ruwa ko da ba ka jin ƙishi, domin sanyi yana ɓoye ƙishirwa alhali jiki yana ta asarar ruwa ta numfashi. Ruwan ɗumi da zuma da lemon tsami yana kwantar da maƙogwaro, kurkure shi da ruwan gishiri ma yana taimakawa. Ka rufe hanci da baki da takunkumi ko rawani idan hazo ya yi yawa. Amawalin da iyayenmu ke jawowa kan hanci ba don ado kaɗai aka yi shi ba. Tarin da ya haura mako biyu, musamman da rama ko gumin dare, yana buƙatar gwajin tarin fuka, wanda kyauta ake yinsa a cibiyoyin gwamnati. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya kuma ba mura ba ce. Daga Disamba zuwa Yuni ne lokacin sanƙarau a yankinmu, kuma ba a kwana da shi a gida.

Tambaya daga wata maijego a Jos: Na haihu kwana 12 da suka wuce, gida cike da baƙi 'yan hutu. Saboda tsananin sanyi ana shigo mana da kaskon gawayi ɗaki da dare a rufe ƙofa da taga. Kullum ni da gwaggona da ke kwana tare da ni muna tashi da ciwon kai da jiri. Ta ce gajiyar hidima ce.

Amsa: Malama, barka da arziki, Allah ya raya. Wannan ce tambaya ɗaya tilo a yau da zan ce a yi aiki da amsarta a daren nan, kada a jira gobe. Gajiya gaskiya ce, amma mutum biyu da ke kwana ɗaki ɗaya ba sa tashi da ciwon kai iri ɗaya a lokaci ɗaya saboda gajiya. Gawayi idan yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, ba ta sa tari, ba ta kuma sa hawaye. Mutane suna jira hayaƙi ya ƙare garwashi ya yi ja sannan su shigo da kasko, suna zaton haɗarin ya wuce, alhali jan garwashin nan mai kama da marar laifi yana ci gaba da fitar da ita. Idan ta shiga huhu tana manne wa sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su shiga yunwar iska. Alamun farko su ne waɗanda kika lissafa, sai tashin zuciya da kasala, kuma wanda ke barci yana iya zarcewa bai farka ba. Jariri ya fi ku shiga haɗari tun da ya fi ku saurin numfashi, ba shi kuma da bakin faɗin abin da ke damunsa.

A daina kwana da kaskon, ko da an bar taga a buɗe. Idan ana son ɗumi a ƙara bargo da safa da hula, ki riƙa ɗora jaririn a ƙirjinki fata da fata lokacin da kike farke, a toshe inda iska ke kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa tun da babu wuta a ciki. Janareta ma hukuncinsa ɗaya, ba a kunna shi a zaure ko baranda ko gindin taga. Ina ba da shawarar a kai ku asibiti ku ukun a duba ku, a kuma auna hawan jininki, domin ciwon kai a makonnin farko bayan haihuwa yana iya zama alamarsa.

Tambaya daga wata ɗaliba a Maraɗi: Idona ya yi ja yana ƙaiƙayi kamar an zuba yashi. Ƙawata ta ara mini maganin ɗigawa da ke washe ido nan take.

Amsa: Ki mayar mata da kayanta. Da yawa daga magungunan da ke washe ido nan take suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda yawan amfani da shi ba tare da kulawar likita ba ke haddasa hawan jinin ido da yanar ido. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Idan ƙura ce kawai, wanke ido da ruwa mai tsabta, ɗiga ruwan hawaye na roba da ake sayarwa, da sa tabarau a waje sun wadatar. Idan kuwa yana kwantsa yana kama 'yan gida ɗaya bayan ɗaya, to afolo ne, wanda ya samo sunansa daga ɓullarsa a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata. A raba tawul, a yawaita wanke hannu, kada a ɗiga nono ko ruwan sukari. Zafi mai tsanani, dishi-dishi ko kasa kallon haske na buƙatar asibitin ido.

Tambaya daga wani tela a Sakkwato: Duk lokacin da na taɓa ƙofar mota ko na gaisa da mutum sai in ji kamar lantarki ya ja ni. An ce ƙarancin jini ne.

Amsa: Jininka lafiya lau, Malam. Gogayyar tufafi, musamman yadi mai roba da kake juyawa yini guda, tana tara ɗan cajin lantarki a jiki. Da damina laimar iska ke kwashe shi a hankali, a hunturu kuwa taruwa yake yi har sai ka taɓa ƙarfe ya fita lokaci guda. Ka riƙa shafa mai a hannu, ka kuma fara taɓa ƙarfen da makulli kafin yatsa.

Tambaya daga wani ɗalibi a Manchesta ta ƙasar Ingila: Likita, wannan ne hunturuna na farko a nan. An tafi hutun Kirsimeti, ɗakunan kwanan ɗalibai sun zama kufai. Barci nake ta yi, ba na sha'awar komai, ƙasusuwana suna ciwo.

Amsa: Abin da ke damunka ya bambanta da na 'yan gida, domin kai ƙarancin haske ne matsalarka. A ƙarshen Disamba yinin Manchesta bai kai sa'a 8 ba, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, har azahar da la'asar da magariba kan taru cikin kimanin sa'a huɗu, alhali jikinka ya saba da yinin da bai taɓa kasa sa'a 11 ba. Wannan yana rikita agogon barci, yana kuma jefa wasu cikin damuwar da likitoci suka san ta da zuwa da wannan yanayi. Ga kaɗaici kuma, a garin da ranar 25 ga wata shaguna ke rufewa jiragen ƙasa su tsaya. Ka tilasta wa kanka fita tafiyar ƙafa ta rabin sa'a kafin azahar ko da gari ya yi lumshi, ka tsayar da lokacin tashi guda, ka nemi masallaci ko ƙungiyar ɗalibai 'yan gida ka ci abinci cikin mutane. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba kowa shawarar shan maikrogiram 10 na bitamin D kullum a watannin sanyi, masu baƙar fata irinmu kuma duk tsawon shekara, kuma ƙarancinsa yana iya sa ciwon ƙashi da kasala. Idan baƙin cikin ya wuce mako biyu, ko ka fara jin rayuwa ta fita daga ranka, ka kira lambar 111 ta hukumar lafiya ko likitan da ka yi rajista da shi a ranar, kada ka jira a dawo hutu.