Koyar da ilektaronik a jami'a: shekara nawa, kuma da me ake bincike?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a nan Maraɗi, bana nake gama lisans a fannin lantarki. Raina yana ga ilektaronik, ina so in zama malamin jami'a mai bincike. Baba kuwa ya ce boko ya isa haka, in kama wa yayana a shagonsa na kayan sola. Shekara nawa ke gabana? Kuma da gaske ne ba a bincike a wannan fanni sai an zauna Turai?

Amsa: Ƙanena, mu fara da lissafin shekaru, don shi Baba zai fara tambayarka. A tsarin jami'o'inmu lisans shekara 3 ne, masta 2, doktora 3. A takarda ke nan. Wanda ke haɗa doktora da neman abin sakawa a baki, sau da yawa takan ci masa 4 ko 5. Ka kuma buɗe ido wajen zaɓen masta, akwai na sana'a akwai na bincike, kuma na binciken ne ke kai mutum ƙofar doktora. Na ga yara masu ƙwazo da sai da tafiya ta yi nisa suka gane motar da suka hau ba garinsu za ta ba.

In an ɗauke ka aiki, ƙarin girma ba a hannun shugaban jami'a kaɗai yake ba. Akwai CAMES, majalisar ilimi mai zurfi da aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta Wagadugu. Kowace shekara kwamitocinta na ƙwararru ke duba takardun malamai, mataki-mataki daga ƙaramin malami har zuwa cikakken farfesa. Suna duba koyarwarka da ɗaliban da ka ja, amma abin da ya fi nauyi a sikelinsu shi ne maƙalolin da ka buga a mujallun da masana ke tantancewa. Mujallar da za ta ce turo kuɗi a buga maka cikin mako ɗaya, guje ta. Ka kuma dage da Ingilishi, don da shi ake rubuta yawancin binciken fannin, har da takardun bayanin ƴan ƙananan kayan da za ka riƙa haɗawa. Kano da Zariya, inda ake karatu da Ingilishi, ba nisa gare mu.

Batun Turai kuwa, akwai gaskiya a ciki. Ƙera ƙwaƙwalwar waya ko ta kwamfuta na buƙatar ɗakuna marasa ko ƙwayar ƙura da injunan biliyoyi, wannan ba namu ba ne yanzu. Amma ai ba shi ke nan ilektaronik ba. Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. A Faransa ya yi karatu, amma aikin da ya fito da sunansa a gida ya yi shi, lokacin da ya riƙe ONERSOL, ofishin makamashin rana, daga 1969. Abin da ke dukan kansa kullum, wato rana, shi ya mai da abin bincike.

Kai ma shi ke dukanka. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan farantin sola a zafin digiri 25 aka auna shi. A watan Afrilu iskar Maraɗi kan haura 40, jikin farantin kuma ya kai 60 ko fiye. Farantin silikon na asarar kusan kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru, ka ga wajen kashi 14 sun tafi tun ƙurar hunturu ba ta ɗauki nata rabo ba. Kondansata, wato ɗan abin da ke tara wuta a cikin na'urar juya wutar batir zuwa ta gida, mai ruwan sinadari a ciki, duk ƙarin digiri 10 na raba kwanansa biyu. Tun da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a Agustan 2023 gidaje da shaguna suka rungumi sola, to wa ke auna yadda waɗannan kaya ke mutuwa a zafinmu? Wa ke gyara tsarinsu su jure? Farkon wannan aiki bai fi ƙarfin maltimita (na'urar auna wuta), allon Arduino (ƙaramin allon ilektaronik da ake rubuta wa umarni), ƴan na'urorin auna zafi da haƙurin shekara guda ba. In ya girma sai a nemi haɗin gwiwa da ɗakin gwaji na waje, a je wata shida a dawo.

Shi ya sa ban ga dalilin da za ka yi jayayya da Baba ba. Malamin jami'a ba ya kwana da yunwa, amma ba zai kamo alhazan Maraɗi ba, kada ka yi masa alkawarin abin da babu. Ce masa za ka riƙa zama shagon da yamma da lokacin hutu. Ka sayi littafi, duk na'urar da aka maido ta lalace ka buɗe ta ka rubuta irinta, watannin da ta yi tana aiki, ɗakin kwano aka ajiye ta ko na ƙasa, da abin da ya ƙone a ciki. In shafuka sun taru, ɗauki littafin ka je wurin malamin da kake so ya ja ka, a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi ko a EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai. Kafin ka zaɓe shi, ka tambayi tsofaffin ɗalibansa a ɓoye ko yana karanta abin da aka kai masa.