Kafin Baba ya sayar da filin nan

Assalamu alaikum. Na ga tambayar ƙanenmu tun jiya da daddare, na bari sai da na samu natsuwa, don ba magana ce ta layi biyu ba. Ga waɗanda ba su gani ba: yana aji biyu a jami'a a nan gida, yana karanta kwas ɗin da ba shi ya nema ba, likitanci yake so. Wani ejan ya ce zai samo masa gurbi a Masar ko Cyprus ta Arewa, mahaifinsa kuma ya yarda zai sayar da fili a biya kuɗin shekarar farko. Ya ajiye na nan ya tafi, ko ya haƙura?

Ƙanena, kalma biyu ce ta tsaya mini a rai cikin rubutunka: "shekarar farko". Ni ma da kuɗin shekarar farko na tafi.

A ƙarshen 2018 na sauka a Khartoum, babban birnin Sudan, bayan na zauna JAMB sau biyu likitanci bai samu ba. Lokacin dala tana wajen naira 360 a hannun 'yan canjin Wapa. Baba ya sayar da gona ɗaya, muka yi lissafi a bayan takarda cewa ribar shago za ta riƙe sauran shekarun. Lissafin bai yi ƙarya ba a ranar da aka yi shi. Abin da ba mu saka a ciki ba shi ne kuɗin makaranta da dala ake biya, shago kuwa naira yake kawowa. Ka ɗauka makaranta tana karɓar dala 5,000 a shekara. A 2018 naira miliyan 1.8 ke nan. A farkon 2024, da dala ta haura 1,500 bayan gwamnati ta saki farashin naira a Yunin 2023, wannan dala 5,000 ɗin ta koma miliyan 7.5. Makaranta ba ta ƙara ko sisi ba, amma gidanku ya talauce sau huɗu. Na san ɗalibai da aka hana shiga jarrabawa a aji biyar, iyaye sun sayar da duk abin sayarwa, ba gaba ba baya. Wanda ya tsaya a aji biyar na likitanci, takardar sakandare kaɗai gare shi.

Dalilin da ya fi tura mu waje a lokacin shi ne yajin aiki. Ana cewa a can shekara biyar shekara biyar ce. To, ban yi wata shida da zuwa ba aka kifar da shugaban ƙasar, Al-Bashir, a Afrilun 2019, jami'o'i suka rufe watanni. Aka buɗe, korona ta zo. Aka sake buɗewa, sojoji suka yi juyin mulki a Oktoban 2021. Abokaina na gida sun sha yajin ASUU na wata takwas a 2022, ina yi musu dariya a waya. Ashe tawa tana tafe.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, mun yi sahur mun koma barci, ƙarar bindiga ta tashe mu, yaƙi ya ɓarke. Kwana biyu muka ce abin zai lafa. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, muna buɗa baki da dabino da ruwan da muka tara a bokitin wanka. Sallar shekarar nan ba wanda ya saka sabon kaya. Da motocin kwashe ɗalibai suka zo, jaka ɗaya aka yarda kowa ya ɗauka. Na tsaya a tsakiyar ɗaki ina kallon littattafaina da farar rigata ta asibiti, na ɗauki fasfo da caja da kaya kala biyu. Muka yi kwanaki a iyakar Masar, a Arƙin, muna kwana a ƙasa gefen mota, kafin a bar mu mu wuce Aswan a ɗebo mu zuwa Abuja. Alhamdu lillahi da rai muka dawo.

Abin da ban ɗauko ba, kuma shi ya fi komai tsada, takardar sakamakon shekarun da na yi. Tana ofishin makaranta, makaranta kuma tana tsakiyar fagen daga. Hotunan sakamako da na riƙa ɗauka a allon sanarwa da wayata su kaɗai ne shaidata. Sai da na shekara ina bin saƙonni kafin takarda mai hatimi ta fito, kuma inda aka karɓe ni a nan gida an mayar da ni baya aji biyu. Ɗalibanmu na Yukiren ma sun ga irin wannan a 2022 da yaƙi ya ɓarke a can, har hukumar MDCN mai ba likitoci lasisi a Najeriya ta ce ba za ta karɓi likitancin da aka ƙarasa ta intanet ba.

Kada ka ɗauka ina zagin waje ne. Na ƙaru a Sudan ƙwarai. Malamanmu sun iya koyarwa, mun taɓa marasa lafiya da hannunmu tun da wuri, na dawo da Larabcin da ko a islamiyya ban samu ba. Mutanen kirki ne, mai shayi a bakin titi za ta ba ka bashi ba ta san sunanka ba. Ga Hausawan can da kakanninsu suka tsaya a hanyar Makka, ka shiga unguwarsu ka ji kamar kana Fagge. Da an ce in maimaita, zan so in sake zama da mutanen nan. Sayar da gonar ne ba zan maimaita ba.

Game da ejan ɗinka: kamasho yake ci a kan kowane kai da ya kai, don haka duk makaranta a bakinsa "tana da rijista". Kada ka tsaya a bakinsa. Ka bincika da kanka ko MDCN da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya sun san da makarantar, domin in ka dawo sai ka ci jarrabawar MDCN kafin ka taɓa majinyaci, kuma sai ma'aikatar ta tantance takardarka kafin ka je bautar ƙasa. Ka tuna abin da ya faru a Janairun 2024, da aka dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Waɗanda suka yi karatun gaskiya ma abin ya shafe su. Cyprus ta Arewa kuwa, Turkiyya ce kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, in ka shiga matsala ba ofishin jakadancinmu a wurin. Kuma in ya ce maka za ka riƙa aiki kana biyan kuɗin makaranta, ka tambaye shi ɗalibin likitanci nawa ya sani da suka yi hakan, ya ba ka lambarsu.

Ni dai da kai ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ga abin da zan ce. In Baba zai iya ware kuɗin duka shekarun karatun gaba ɗaya, a canja su zuwa dala tun yanzu, ba tare da an taɓa gidan da kuke ciki ko jarin kasuwa ba, bismillah, ka tafi Masar, kuma duk ƙarshen shekara ka karɓi takardar sakamakonka mai hatimi ka turo gida. In kuwa filin nan shi ne duka abin da ake da shi, ka zauna ka gama digirinka, saura shekara biyu ko uku. Ka dage ka fita da sakamako mai kyau, sannan ka nemi digiri na biyu da kuɗin wasu: tallafin gwamnatin Turkiyya da ake buɗewa a farkon shekara, na Hungary, Chevening na Ingila, ko PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, in fanninka ya dace. In likitancin ne ba ya barin ka barci, akwai shiga aji biyu kai tsaye da digirinka a nan gida, da wuya amma ana samu.

Kuma ka zauna da Baba ka nuna masa lissafin duka shekarun a rubuce. Iyaye suna jin nauyin ce wa ɗa ba za su iya ba, nawa sai da na dawo Umma ta gaya mini har awarwaronta sun tafi a shekara ta uku. Ka turo mini sunayen makarantun biyu ta akwatin saƙo, akwai abokan ajinmu da suka koma Alƙahira, zan tambaye su.