Jirgi mai farfela daga Accra zuwa Kumasi tsoho ne?

Hajiya, kin tambaya ko jirgin nan mai farfela da ke zuwa Kumasi tsohon yayi ne, har kina tunanin komawa mota. Ki hau abinki, ba tsohon yayi ba ne. Samfurin Dash 8 Q400 da aka saba gani a wannan hanyar ƙirar Kanada ne, ya fara ɗaukar fasinja a shekarar 2000. Injinsa ma ɗan'uwan na jet ne, sai dai shi farfela yake juyawa. An zaɓe shi ne don tafiyar gajera ce, ba ta kai awa ɗaya ba, kuma a irin wannan nisan ya fi jet tsimin mai nesa ba kusa ba. Shekarun jirgi kuma ba su ne abin dubawa ba, kulawa ce: GCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana, ba ta barin jirgin Ghana ya ɗauki mutane sai da takardar shaidar lafiyarsa, kuma sassansa da yawa suna da adadin awannin aikin da dole a canza su, ko da ba su lalace ba.

Abu ɗaya dai zan gaya miki tun yanzu, kada ki tsorata a sama. Ba ya nisa sama kamar manyan jirage, don haka in hadari ya haɗu za ki ji girgiza, musamman da la'asar a damina. Ni na safe nake bi, sannan ina roƙon kujerar baya, don kusa da farfelar nan ƙara sai ta hana ki jin maganar na kusa da ke.