Wane folet zan ba ɗana mai otizim?

'Yar uwa, kin ce kin shiga saidaliyya a Jidda kin tarar da folic acid da methylfolate, ga kuma folinic acid da ake ta yayatawa a WhatsApp, kin rasa wanda za ki ba yaronki mai otizim, wato tawahhud a bakin likitocin nan.

Duka ukun nau'o'in folet ne, wato bitamin B9. Biyun farko ƙarin abinci ne kawai, na cike giɓi. Wanda aka fi gwadawa a kan yara masu otizim shi ne folinic acid, wato leucovorin, kuma magani ne da sai likita ya rubuta. Gwaje-gwajen ƙanana ne. Wasu yaran maganarsu ta ƙaru, musamman waɗanda jikinsu ke tare folet daga shiga ƙwaƙwalwa, amma ba ya warkar da otizim.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne awo. Dubi jikin kwalbar da kyau: mcg (maikirogiram) daban, mg (miligiram) daban, mg ɗaya mcg 1,000 ne. Kar ki ari awon ɗan maƙwabciya.

Ki kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa na yara, a duba bitamin B12, don folet kan ɓoye ƙarancinsa. In yana shan maganin farfaɗiya, ki faɗa tun farko. Allah Ya ba shi lafiya.