An sallame ni daga sauke kaya a tasha ba takarda, ina mafita?

Tambaya: Barista, shekara shida ina sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas. Wata Litinin kamfanin da ya ɗauke mu ya ce aiki ya ragu, kowa ya kama gabansa, ba takarda ba ko sisi. Yanzu ɗan dako nake yi a kasuwa. Wani ya ce tunda ina samun na abinci, gwamnati ma ba ta ƙirga ni cikin marasa aiki, don haka kotu ba za ta saurare ni ba. Abokaina kuma sun ce mu tare ƙofar tasha.

Amsa: Ɗan'uwana, Allah ya kawo sauƙi. Maganar mutumin nan rabinta gaskiya ce. A 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'auninta: duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako aka biya shi, mai aiki ne. Shi ya sa adadin marasa aiki ya sauko daga kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020 zuwa 4.1 a farkon 2023. Abin yana damuna, domin irinku sun ɓace a lissafi alhali tukunya ba ta canza ba. Amma wannan ma'aunin ƙididdiga ne, alƙali ba ya aiki da shi. Dakonka bai goge haƙƙinka ba.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda ya kai shekara biyar yana aiki, sai an ba shi sanarwar wata guda a rubuce kafin a sallame shi, ko kuɗin watan. Tunda kuma sun ce aiki ne ya ragu, sashe na 20 ya ɗora musu sanar da ƙungiyarku dalili, bin ƙa'idar wanda ya shigo ƙarshe shi ne zai fara fita, da zaman tattauna kuɗin sallama.

Gardamar da za su kawo na sani: za su ce ɗan kwangilar yini ne kai. A nan takardu ke magana. Nemo katin shiga tasha, shaidar rajistarka ta NIMASA (hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta ƙasa), da saƙonnin banki na albashi, ko da waɗanda ke cikin tsohuwar wayarka ne. Kai ƙara reshen ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa da tashoshinsu (MWUN) da ofishin ƙwadago na tarayya. In sulhu ya ci tura, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, kuma tana zama a Legas.

Tare ƙofa kuwa, kada ku kuskura. Doka ta sa tashar jiragen ruwa cikin ayyukan da ba a yarda a tsayar ba, gyaran 2005 ga dokar ƙungiyoyin ƙwadago kuma ya hana toshe hanya ko ƙofar ma'aikata. Kuna masu ƙara, sai ku koma waɗanda ake tuhuma.

Idan sun kira ka da ɗan kuɗi da takardar sa hannu, kada ka dangwala sai lauya ko wakilin ƙungiya ya karanta maka ita.